Aikin Lambu A Ƙarshen Damina: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A duk lokacin da ruwan sama ya ɗauke a watan Oktoba, iskar hunturu ta fara kaɗawa da asuba, sai in tuna asarar da na tafka bara a ɗan lambun da ke bayan gidana. Kunya 12 na dankali na shuka, suka yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Na haƙe su a ranar wata Asabar, na wanke su tas saboda son tsabta, na ɗura a buhunan leda, na jingine a ɗakin ajiya. Kafin mako uku wari ya kai falo. A cikin makon nan kuma na wayi gari na tarar da karfasan da nake kiwo a ɗan tafkin siminti suna yawo ciki a sama. Daga baya na gane cewa asarar biyu tushensu ɗaya: na iya shuka, amma ban san aikin kaka ba.

Wanda ya warware mini matsalar dankali wani dattijo ne mai lambu a bakin rafi, wanda bai taɓa shiga aji ba. Da na ba shi labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai dankali yana da rai. Ka yi masa wanka, sannan ka toshe masa hanci." Na ce, "To Baba, yaya ake yi?" Abin da ya zayyana mini a tsaye, shi na tarar a littattafan kimiyyar noma da na koma na bincika.

Dankali yana ci gaba da numfashi bayan an haƙe shi, yana fitar da zafi da danshi. Buhun leda yana tare wannan danshi, ruɓa kuma ta samu ƙofa ta duk inda fartanya ta ƙwarzane. Saboda haka aikin ajiya yana farawa tun dankalin yana ƙasa. A yanke yaɗon kamar mako guda kafin haƙa, domin fatar ta yi ƙwari. Kada kuma a yi jinkiri har ƙasa ta bushe ta tsattsage, don ta waɗannan tsagogi ƙwaron dankali yake shiga ya huda shi, ya bar masa ɗaci. A haƙa a hankali, a kakkaɓe ƙasa ba tare da wankewa ba, a ware masu rauni a fara ci da su.

Mataki na gaba shi ne barin raunuka su warke. A tara dankalin a inuwa mai ɗumi, a lulluɓe da ciyawa ko buhun algarara na kwana 4 zuwa 7. Masana sun ce zafin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne kimanin digiri 30 tare da danshi mai yawa. Bayan nan dankali ya fi son wuri mai sanyi-sanyi, digiri 13 zuwa 15, amma idan sanyi ya yi ƙasa da haka sai cikinsa ya lalace. Ke nan firji ba wurinsa ba ne, haka ma doya. Da yake ɗakunanmu ba su da wannan sanyi, dabarar da ta fi sauƙi ita ce busasshen yashi: a shimfiɗa yashi a kwando ko baho, a jera dankali ba tare da sun taɓa juna ba, a rufe da yashi, a sake jerawa. Duk wata a tone a duba, a cire wanda ya ruɓe, a karye tsiro. Cibiyar Binciken Dankali ta Duniya ta yaɗa wannan hanya a ƙasashe irin su Tanzaniya da arewacin Ghana domin adana iri: saura mako 6 zuwa 8 damina ta faɗi, sai a binne su a fili ana ba su ruwa, su ba da yaɗon shuka.

Kowane saiwa da halinsa. Rogo ba ya jure ajiya, kwana biyu zuwa uku bayan haƙa cikinsa yake fara baƙi, don haka rumbunsa shi ne ƙasar da yake ciki, ko kuwa a fere a shanya. Doya tana son inuwa da iska, a ɗaga ta daga ƙasa. Dankalin Turawa duhu yake so, domin haske yana mayar da shi kore, koren nan kuwa guba ne.

Batun tafki kuwa, kwalliya ce ta ja mini. Na ga kainuwa a wani kududdufi, ta ba ni sha'awa, na ɗebo 'yan guda biyar na jefa. Hausawa suna cewa kainuwa dashen Allah, ni kuwa na manta cewa abin da ba ya bukatar mai dashe ba ya jiran izinin kowa kafin ya yaɗu. Cikin 'yan makonni ta rufe ruwan ruf. Haske ya daina shiga, matattun ganye suka riƙa ruɓewa a ƙasa, iskar da kifi yake shaƙa ta ragu, musamman da asuba. Tarwaɗa ta tsira domin tana iya shaƙar iska daga sama, karfasa kuwa ta mutu. Ban da wannan, akwai nau'in sauro da tsutsarsa take maƙalewa a saiwar kainuwa.

Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tambayi mutanen fadamar Haɗeja da Nguru labarin kacalla. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya koma gudana rani da damina a wuraren da a da suke bushewa. Kacalla ta samu yadda take so, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama mafakar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Kyawun tsiro a ido ba hujja ba ce ta kai shi cikin ruwa, kuma abin da aka kwashe daga tafki a shanya shi ya bushe a yi taki, kada a zuba a kwata ko rafi.

Bana bado na zaɓa. Na dasa shi a tukunya da laka mai nauyi, na zuba tsakuwa a kai don kada kifi ya tone, na nutsar a inda rana take samu aƙalla awa shida. Ganyensa yana yi wa kifi inuwa, yana rage ƙafewar ruwa a hunturu, kuma ina datse shi kada ya wuce rabin fuskar tafkin. Kullum ina tsame ganyen darbejiya da iska take zubowa kafin ya nutse. Bado ma malami ne a fannin ajiya: idan tafki ya ƙafe, saiwarsa takan kwanta cikin laka har ruwa ya dawo, kuma da ita da 'ya'yansa kakanninmu suka rage yunwa a shekarun fari.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda mu 'yan boko muke raina wannan ilimi. Muna tattauna tsadar abinci a taruka, alhali abin da muka noma da hannunmu yana ruɓewa a bayan ɗaki. Buhu guda da aka adana har watan Maris, lokacin da dankali ya yi tsada a kasuwa, ya fi buhu uku da aka haƙa aka zubar. Ɗalibaina da za su je gida hutu, ina roƙonku ku zauna da tsofaffinku ku tambaye su yadda suke binne dankali da gwaza, ku rubuta, tun suna raye.

Mai karatu, idan kana da kunya ko da biyu ce, wannan makon ne na yanke yaɗo da neman yashi. Ni dai nawa yashin yana shanye a tsakar gida. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya.