Mu San Doka: Dala 10,000 kullum a kan takardu

A darasin Gwamnati muna haddace cewa majalisa ce ke yin doka, ɓangaren zartarwa ya aiwatar, kotu ta fassara. To idan kotu ta ce wa mutum ya kawo wasu takardu, ya ƙi, me zai biyo baya? Wannan laifi shi ake kira raina kotu.

Mu ɗauki misali daga Amurka. Babbar lauyar jihar New York, Letitia James, ta yi binciken ko kamfanin Donald Trump ya zuzuta darajar kadarorinsa don samun bashin banki. Ta nemi wasu takardu daga hannunsa, kuma a watan Fabrairun 2022 alƙali Arthur Engoron ya umarce shi ya miƙa su. Wa'adi ya cika ranar 31 ga Maris, sai lauyoyinsa suka ce sun duba ba su ga komai ba.

Alƙalin bai gamsu ba. Ranar 25 ga Afrilu ya same shi da laifin raina kotu, ya ɗora masa tarar dala 10,000 a kowace rana har sai ya bi umarni. Ya kuma buƙaci bayanin rantsuwa a rubuce: ina aka duba, wa ya duba, ta yaya aka duba. Tarar ta taru ta kai dala 110,000. Trump, wanda a lokacin tsohon shugaban ƙasa ne, ya biya a watan Mayu, sannan aka ɗage masa hukuncin a ƙarshen Yuni. Ya ɗaukaka ƙara, amma a 2023 kotun gaba ta tabbatar da tarar.

Me ya sa kotu ta tsananta haka a kan takarda? Saboda alƙali ba ya wurin lokacin da abin ya faru. Rasit, wasiƙa da littafin lissafi su ne idanunsa, kuma gani ya kori ji. Idan mai ƙarfi zai iya ɓoye abin da ke cikin durowarsa, mai ƙaramin ƙarfi ya faɗi shari'a tun kafin a zauna. Shi ya sa ake ƙirga tarar kullum: a matsa wa mutum har ya kawo abin da aka nema.

A nan Najeriya ma akwai hanyar da ake bi. Wanda ya ƙi bin umarnin kotu ana fara kai masa Fom 48, takardar gargaɗi kan abin da zai same shi. Idan ya ci gaba da taurin kai sai Fom 49, wadda ke kiransa ya zo ya faɗi dalilin da zai hana a tura shi gidan yari.

Gobe cikinmu za a samu akawu, shugaban makaranta, ma'aji, har da gwamna. Mu riƙe abu biyu tun yanzu. Na farko, "ban gani ba" ba ta wadatar a gaban alƙali, sai an nuna yadda aka nema, don haka mu saba da adana takarda. Na biyu, wanda bai yarda da umarnin kotu ba, hanyarsa ita ce ɗaukaka ƙara, ba yin kunnen uwar shegu ba.

Sai mun haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.