Wa zai kai ƙarar Yamai a madadin yaran Adar?

Nakan ji mutane a nan Tawa suna yi wa Najeriya dariya, wai ƙasa ce da gwamna ke maka shugaban ƙasa a kotu, babu ladabi, babu biyayya. Ni ban ga abin dariya ba.

Ku tuna farkon 2023, lokacin da gwamnatin Buhari ta sauya takardun naira 200, 500 da 1000. Masu albasa na Galmi da 'yan canjin Ƙonni ba sa bukatar a ba su labarin abin da suka gani. A watan Fabrairu, kwamishinonin shari'a na jihohin Kaduna, Kogi da Zamfara suka shigar da ƙara a Kotun Ƙoli, daga baya Kano, Katsina, Sakkwato da wasu jihohi suka bi sahu. Ranar 3 ga Maris kotun ta ce an yi abin ba tare da ba jama'a isasshen wa'adi ba, ta kuma ce tsofaffin takardun su ci gaba da aiki har 31 ga Disamba. Gwamnonin ukun farko 'yan jam'iyyar Buhari ne, zaɓe kuma yana bakin ƙofa, don haka ba na cewa tausayin talaka kaɗai ya tashe su. To sai me? Tsohuwar da ta ƙulle kuɗinta a bakin zane ta samu ta kashe abinta. A Amurka ma jihohi 22 suka kai Trump kotu a Janairun 2025 kan dokarsa ta hana wasu jarirai zama 'yan ƙasa.

Mu dawo gida. A 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi lamarin makarantun firamare, na sakandare kuma ta ba majalisun jihohi. Kuɗin da ya kamata su biyo baya sun yi ta jan ƙafa, amma aƙalla uba a Keita ko Bagarwa ya san wanda ya jefa wa ƙuri'a, ya san ƙofar gidansa. A Afrilun 2024 aka rushe waɗannan majalisu duka da doka guda daga Yamai, aka naɗa kantomomi. Gwamna kuwa dama tun can naɗa shi ake yi.

Yanzu idan aka yanke wata shawara a Yamai da ta cuci ajin zana a arewacin Adar, ko albashin malamin kwantiragi ya yi wata da watanni bai fito ba, wa ke da ƙarfin tsayawa gaban alƙali da sunanmu? Wanda takarda ɗaya ta kawo shi, takarda ɗaya kuma za ta ɗauke shi?

Za a ce mini Nijar ba tarayya ba ce, kuma muna cikin yaƙi. Na sani, Tillia ba ta da nisa da mu. Sai dai ban ga yadda zaɓaɓɓen magajin gari da ke jayayya kan kuɗin alli da tebura zai hana soja aikinsa ba. A taron iyayen yara na gaba, malamai, ku sa tambayar cikin abin da za a tattauna: yaushe za a maido mana da zaɓen ƙananan hukumomi?