Sanayyar Bogi: Yadda Tallan LinkedIn Ke Zubar Da Darajar Amana

Duk ma'aikacin da ke da shafi a dandalin LinkedIn, musamman in sunansa na tafe da muƙamin manaja ko darakta, ya san irin wannan saƙon. Baƙo ne zai yi maka sallama, ya ambaci jami'ar da ka yi, ya taya ka murnar ƙarin girman da ka samu, ya yaba wani rubutu da ka wallafa makon jiya, sannan a layi na huɗu ya baje hajarsa. Masana harkar talla na kiran wannan dabara da ɗinka wa kowa saƙo daidai wuyansa. A ganina dabarar na gab da cinye kanta, kuma akwai dalilin da ya sa ya kamata abin ya dame mu fiye da wasu.

An buɗe LinkedIn a Amurka a shekarar 2003 domin haɗa ma'aikata da masu ɗaukar aiki. A 2014 ya fito da manhajar Sales Navigator, wadda ke ba 'yan kasuwa damar tace mutane bisa muƙami da ma'aikata da gari. A 2016 kamfanin Microsoft ya saye shi a kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista suka haura biliyan 1. Ke nan wurin da aka gina domin neman aiki ya rikiɗe ya zama babbar kasuwa, inda hajar da ta fi tsada ita ce hankalin mai sa hannu a takardar sayen kaya.

Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa irin wannan saƙo ke cin kasuwa tun farko? Amsar ita ce wahalar da ke cikinsa. Wanda ya zauna ya karanta tarihin aikinka, ya fahimci matsalar ma'aikatarka, ya kashe lokacin da ba zai iya kashewa a kan mutum dubu ba, kuma wannan lokacin shi ne shaidar cewa da gaske yake. To amma tun da ChatGPT ya bayyana a watan Nuwamban 2022, wannan wahala ta kau. Yanzu manhaja ce ke leƙa shafinka, ta tsinci sunan makaranta da muƙami, ta tsara yabo, ta aika wa ɗaruruwan mutane kafin mai ita ya gama shan shayi. Shi kansa LinkedIn ya sanya wa masu biyan kuɗi kayan rubutu na ƙirƙirarriyar basira a 2023. Shaidar da kowa ke iya bugawa kyauta kuwa ta tashi daga shaida.

Lamarin bai tsaya ga kalmomi ba, har fuskoki ya kai. A 2022 wasu masu bincike biyu na Jami'ar Stanford, Renée DiResta da Josh Goldstein, sun gano shafuka sama da 1,000 a LinkedIn waɗanda hotunansu kwamfuta ce ta ƙirƙira. Da gidan rediyon NPR ya bi diddigi, sai ya tarar da yawansu 'yan talla ne na bogi: su ja hankalin mai saye, in ya amsa a miƙa shi ga ɗan kasuwa na gaske. Wato an ƙirƙiri mutum domin ya nuna maka cewa ya san ka.

Akwai kuma batun inda ake samo bayanan. A 2021 an sa bayanan da aka kwashe daga shafuka kimanin miliyan 700 a kasuwar intanet. A watan Oktoban 2024 hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci tarar LinkedIn yuro miliyan 310 saboda yadda ya sarrafa bayanan mutane wajen talla. A nan gida, dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan Najeriya 'yancin ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya kai tsaye. Ɗan kasuwar da ke sayen jerin sunaye ba tare da tambayar asalinsu ba, ya sani cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Mu da muka gaji fatauci ba baƙi ba ne a wannan fage. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda cinikin shanu ke gudana a kan bashi saboda maigida da dillalansa sun san wane mahauci ne ke biya, kuma in ya gaza maigidan ne ke ɗaukar nauyi. Wannan ita ce sanayya ta haƙiƙa: sanin buƙatar mutum da ƙarfinsa, da kuma jingina sunanka a kan cinikin. Manhaja na iya kwaikwayon gaisuwar dillali, amma ba ta da sunan da za ta jingina.

Inda abin ya shafe mu kai tsaye shi ne tabon 419. Akanta a Kaduna ko mai fitar da riɗi da zoɓo daga Kano, in ya rubuta wa wani kamfani a Turkiyya ko Jamus, yana farawa ne da bashin zargin da wasu suka ci masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saƙo mai daɗin baki daga baƙon da ya san komai game da kai, shi ne ainihin salon 'yan damfara. Don haka duk lokacin da sanayyar bogi ta ƙaru a kasuwa, mai gaskiyar cikinmu ne ke fara biyan kuɗinta.

Shawarata ga ƙwararrunmu guda uku ce. Da farko, a rage yawa: saƙo goma da aka yi wa bincike sun fi dubu da na'ura ta tsara. Na biyu, a gina saƙon a kan matsalar ma'aikatar mai saye, a bar yabon makarantarsa da hoton iyalinsa, a kuma faɗi abin da ake sayarwa tun a layin farko. Na uku, a nemi wanda zai gabatar, a kuma ajiye abin da za a iya tantancewa, kamar lambar rajistar kamfani da sunayen waɗanda aka taɓa yi wa aiki da izininsu. Babu laifi na'ura ta taya bincike ko gyaran Turanci, matuƙar mai saƙon ya karanta kuma zai iya tsayawa a kan kowace kalma.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da kowane saƙo ya zo da yabo, yabo zai daina buɗe ƙofa, kuma kasuwa za ta koma hannun wanda aka san zai cika alƙawari.