Folik asid a matsayin ɗan jagora: me zai kai wa matan Majidaɗi?

Folik asid da ake bai wa masu juna biyu a asibitocin Jalingo shi ne masana ke son mayarwa ɗan jagoran magani. Wasu ƙwayoyin cutar daji, musamman ta ƙwan mace, suna zuƙar wannan bitamin fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki. Idan aka liƙa shi a kan siraran bututun furotin da ido ba ya gani, sai ya ja magani zuwa inda cutar take.

A 2013 masu bincike a Denmak suka gano ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa da irin wannan bututu, amma a ɗakin gwaji kawai. Wajen warkarwa kuwa an sha ƙasa: a 2014 aka dakatar da gwajin vintafolide, maganin da aka ɗaura wa folik asid. Wanda ya tsallake shi ne Cytalux, da Amurka ta amince da shi a 2021 don haska ƙari yayin tiyata.

Ashe fasahar ta fi ƙarfi wajen gano cuta. Matar Majidaɗi da ke isa Cibiyar Lafiya ta Tarayya bayan ciwo ya ci ƙarfinta, gwajin wuri ta rasa, kuma kuɗinsa na hannun masu tsara kasafi a Abuja.