Maki Ɗaya Ba Nasara Ba Ne

Wani marubuci da ya yi murnar cewa Najeriya ta tashi daga matsayi na 145 a 2023 zuwa na 140 a 2024 a ma'aunin cin hanci na Transparency International, ya karanta sakamako bai duba yadda aka haɗa shi ba. Makin ƙasar daga 25 ya koma 26 cikin 100, kuma wannan maki ba amsar tambaya ɗaya ba ce. Ana tattaro makin ƙasashe daga majiyoyi har 13, kowace da salon tambayarta: Dandalin Tattalin Arzikin Duniya yana sa 'yan kasuwa su zaɓi lamba daga 1 zuwa 7, masanan Bankin Duniya kuma suna ba da maki daga 1 zuwa 6. Sai a mayar da kowanne kan ma'aunin 0 zuwa 100, a fitar da matsakaici. Wanda ya auna hatsi da mudu, da tiya, da kwano, ba zai rantse a kan bambancin tafi ɗaya ba.

Za a ce ai kowace ƙasa haka ake auna ta, don haka kwatancen ya tsaya. Wannan hujja tana da rauni, domin majiyoyi uku kacal sun isa a saka ƙasa a jerin, kuma ba majiyoyi iri ɗaya ke auna kowace ƙasa ba. Haɗa tambayoyin yana da amfaninsa, yana rage son zuciyar majiya guda, kuma tun 2012 ana iya kwatanta shekara da shekara. Sai dai ƙungiyar da kanta tana wallafa tazarar kuskure tare da kowane maki, kuma motsin maki ɗaya yana cikin wannan tazara.