Ra'ayinmu: Idan an sauya Fada, a buɗe littafin kuɗi a gaban jama'a

A ƙauyukan yammacin Kano, daga yankin Madadi da sauran garuruwan Gwarzo zuwa Kabo da Ƙaraye da Rogo, har a ƙetara a shiga Malumfashi da Kafur, akwai Hausawa Kiristoci da suka fito daga gidajen Maguzawa, wasunsu 'yan ɗariƙar Katolika ne. Ba su da yawa a tsakiyar maƙwabtansu Musulmi, akasarinsu manoma ne, kuma da guminsu ake gina cocinsu: mudun dawa, buhun masara ranar godiyar kaka, ɗan abin da zumuntar mata ta tara. Shi ya sa ranar da aka karanta takardar Bishop bayan sujadar Lahadi cewa an ɗauke Fada za a kawo wani, ba ƙaramar rana ba ce. Wata tsohuwa za ta share hawaye da bakin zane, wani dattijo kuma ya yi hamdala a zuci.

Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk mai zuwa coci. Sabon Fada ya iso, ya rushe kwamitin da ya tarar, ya sauya katikis, ya dakatar da aikin ginin da aka kai linta. Dattawa su ce ba a shawarce su ba. Matasa su fara tambaya, ina kuɗin kwanon rufin da aka tara bara? Shi kuma ya ce bai tarar da komai a rubuce ba sai bashin mai siminti. Kafin a ankara an kasu biyu, na tsohon Fada da na sabo, takardun koke sun fara tafiya gidan Bishop, baiko ya ragu, wasu sun daina zuwa. Musulmin da ya taɓa ganin rikicin naɗin limami ko na kwamitin masallacin Juma'a ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba.

Nijeriya ta ga inda irin wannan rikici kan kai idan ya yi ƙamari, ko da yake a can kujerar Bishop ce aka yi wa gardama. A watan Satumba na 2010 Bishop Victor Chikwe na dayosis ɗin Ahiara a Jihar Imo ya rasu. A Disamban 2012 Paparoma Benedict na 16 ya naɗa Fada Peter Okpaleke, mutumin Jihar Anambra, ya gaje shi. Limamai da mabiya da dama na ƙasar Mbaise, inda dayosis ɗin take, suka ce ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce ƙasarsu cike take da limamai, don me za a tsallake su duka a kawo baƙo, kuma ba su ga yadda aka yi zaɓen ba. Dole aka yi bikin keɓe shi a wajen dayosis ɗin a watan Mayu na 2013, kuma bai taɓa samun zama kan kujerarsa ba. An tura Kadinal John Onaiyekan na Abuja ya riƙe dayosis ɗin, abin ya ƙi lafawa. A Yunin 2017 Paparoma Francis ya ba kowane limami na Ahiara kwana 30 ya rubuto takardar neman gafara da biyayya, in ba haka ba a dakatar da shi daga aiki. Takardu sun tafi Roma, amma zukata ba su sauko ba. A Fabrairun 2018 Okpaleke ya ajiye muƙamin.

Daga baya an ba shi sabuwar dayosis ta Ekwulobia a 2020, aka ɗaga shi zuwa Kadinal a 2022. Ahiara kuwa sai a 2024 ta samu nata Bishop, Simeon Nwobi, ɗan ƙasar Mbaise. Wato kusan shekara 14 jama'a suna hannun masu riƙo. Wasu na kallon wannan a matsayin nasarar masu bore. Mu ba mu ga nasara a ciki ba. Yaron da aka yi wa baftisma shekarar da Chikwe ya rasu ya girma yana jin manyansa na zagin juna a harabar coci.

A kan wanda za a turo, muna tare da Bishop. A tsarin Katolika ikilisiya ba ta zaɓar limaminta, kuma akwai hikima a cikin hakan, domin limamin da masu hannu da shuni suka ɗora ba zai iya faɗa musu gaskiya ba. Maganar "sai ɗan ƙasa" kuma ba za ta yi wa Kiristocin wannan yanki daɗi ba in aka bi ta zuwa ƙarshe. Bishop ɗin Kano na farko, Patrick Sheehan, daga Ailan ya zo. Limamai daga Filato da kudancin Kaduna da kudancin ƙasar nan sun yi shekaru suna bin ƙauyuka a kan babur. Da an kore su don ba Hausawa ba ne, da ba a kai ga ranar da Gerald Mamman Musa, haifaffen Malumfashi, ya zama Bishop na farko na sabuwar dayosis ta Katsina a 2023 ba. Dole kuma a yi wa sabon Fada adalci. Sau da yawa kwamitin da yake rushewa ya daɗe a hannun mutum uku ko huɗu da suka mai da shi gadon gidansu, kuma masu ɗaga murya a kan gaskiya su ne ke tsoron a buɗe littafi. Ba kuma kowane dalilin sauyi ne za a faɗa a bainar jama'a ba; rashin lafiyar mutum sirrinsa ne.

Amma a kan dukiya da shawara, jama'a ke da gaskiya, kuma dokar cocin kanta ce ta ba su. Kundin dokokin Katolika na 1983 ya wajabta wa kowace ikilisiya majalisar kula da kuɗi, a sashe na 537. Sashe na 1283 ya ce kafin mai kula da dukiyar coci ya kama aiki, a rubuta jerin duk abin da ke akwai, a sa hannu, a ajiye kwafi a ofishin Bishop. Sashe na 1287 ya ɗora wa masu riƙon dukiya su yi wa mabiya bayanin abin da suka bayar. Sashe na 212 ya amince wa mabiyi ya faɗa wa shugabanninsa ra'ayinsa cikin ladabi. Saboda haka manomin da ya miƙe ya tambayi inda buhunan godiyar kaka suka shiga bai yi rashin kunya ba. Fadan da ya mayar masa da amsa cewa ya yi biyayya kawai, ya karɓi rabin doka ne ya bar rabi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a yawancin waɗannan rigingimu shirun shugabanni ne tsagar.

Akwai shiru guda da ba mu yarda da shi ba ko kaɗan. Idan zargin cin amanar yara ko satar kuɗi ne ya sa aka ɗauke limami, mai da shi wata ikilisiya a ɓoye zalunci ne ga mutanen da za su karɓe shi hannu bibbiyu. Cocin Katolika a Amurka da Ailan ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan hali, har Paparoma Francis ya fitar da doka a 2019 da ta wajabta wa limamai kai rahoton cin amanar yara ga hukumomin coci. Ƙauye ba wurin ɓoye wanda birni ya ƙi ba ne.

Hukuncinmu shi ne, rufe ƙofar coci, hana baiko don a ƙuntata wa limami, ko kai ƙarar juna wurin 'yan sanda kafin a nemi Bishop, duk kuskure ne, kuma al'ummar da ba ta da yawa ba ta da ƙarfin ɗaukar irin wannan rabuwa. Sai dai nauyi mafi girma yana kan masu iko. Muna kira ga Bishop John Niyiring na Kano da Bishop Musa na Katsina su mai da miƙa mulki a fili ƙa'ida a duk ikilisiyoyinsu. Tsohon Fada da sabo su zauna tare da majalisar kuɗi da wakilin Bishop, a ƙirga komai, daga asusun banki da takardar fili zuwa babur da janareta da bashin da ake bin coci. A karanta sakamakon ranar Lahadi da Hausa, a babban coci da ƙananan na ƙauyuka, domin matar da ta kawo mudun gero ba ta karanta Turanci. Sabon Fada kuma ya dakata wata shida kafin ya taɓa kowane kwamiti, in kuma ya zo sauyawa, ya tara jama'a ya faɗi dalilinsa da bakinsa.