Kafin ka yanke wa kwamfutarka hukuncin tsufa

Da zarar intanet ya fara jan ƙafa a kwamfutar tafi-da-gidanka, da yawanmu sai mu ce ta tsufa, mu shiga tara kuɗin sabuwa. A ganina wannan gaggawa ce. Sau da yawa laifin na wani ɗan kati ne mai kama Wi-Fi, wanda bai fi kan sarki girma ba sosai. Noti ɗaya da siraran wayoyin eriya biyu ke riƙe da shi. Sabo, irin Intel AX210, yana shiga gurbin M.2, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfuta ba.

Sai dai a yi bincike tukuna. Wasu tsofaffin Lenovo da HP ba sa karɓar katin da kamfanin bai lamunta ba. A MacBook na zamani kuwa an manne shi da dalma, ba ya ciruwa. In kuma na'urar rarraba intanet ta gida ce mai rauni, sabon kati asarar kuɗi ne.

Gwajin mai sauƙi ne: ajiye wayarka kusa da kwamfutar, kan layi ɗaya. Idan wayar na gudu, kwamfutar na rarrafe, nemi mai gyara ya duba katin.